Filin Amsoshinku: In Na Kwanta Dama, Wa Zai Riƙe Shi?

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru a wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato manyan mutane masu nakasa da ke zaune cikin gidajenmu, waɗanda suka wuce shekarun makaranta, da yadda za a yi su riƙa yi wa kansu hidimar yau da kullum. Na zaɓi guda biyar. Ta farko za ta ci mana wuri, don ita ta fi tsaya mini a rai. Kamar kullum, na cire sunaye.

Tambaya: Malama, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni mutuniyar ƙasar Anka ce, rashin tsaro ya koro mu, yanzu muna haya a Gusau. Ina da ɗa namiji ɗan shekara 19. Yana shekara huɗu gubar dalma ta kama shi, ya yi ta jijjiga, aka yi masa magani Allah Ya tashe shi, amma hankalinsa bai kai na tsaransa ba. Yana magana, yana gane mutane, yana da ƙarfi, ba ya faɗa da kowa. Ni ke kai masa ruwan wanka, ni ke wanke masa tufafi, ni ke zuba masa abinci. Ba na bari ya wuce ƙofar gida saboda yara na tsokanarsa. Mahaifinsa ya rasu, ni kuma hawan jini ya sa ni gaba. Abin da ke hana ni barci shi ne, in na kwanta dama wa zai riƙe shi? Ko akwai makaranta ko gidan gwamnati da zan kai shi?
Daga wata uwa, Tudun Wada, Gusau.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya ba ki lafiya, Ya biya ki wahalar da kika sha. Duk wanda ke Zamfara a shekarar 2010 bai manta abin da ya auku a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ba, irin su Dareta da Yargalma da Abare da Bagega. Ana kawo duwatsun zinari cikin gida ana daka ana niƙa, ƙurar dalma ta bi ƙasa da abinci da hannun yara, aƙalla yara 400 suka rasu. An yi ta maganar waɗanda suka mutu, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka yi aikinsu, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa. Waɗanda suka rayu kuwa, ga su nan sun zama samari da 'yan mata, ba kasafai ake jin wani ya tambayi inda suka kwana ba. Maganin da aka ba ɗanki yana fitar da dalma daga jini ne, ba ya maido abin da ta riga ta taɓa a ƙwaƙwalwa. Amma wanda ke koyo a hankali yana koyo. Na koyar da irinsu shekaru da dama, kuma ban taɓa ganin wanda ke magana yana gane mutane, a ce kuma ba zai iya koyon wanki ba.

Batun makaranta, yawancin makarantun masu buƙata ta musamman an gina su ne don yara, kuma ko da an karɓe shi, abin da yake bukata ba a aji yake ba. Masu irin lalurarsa suna da wahalar ɗaukar abin da suka koya a wuri ɗaya su kai shi wani wuri. Na ga yaron da ke ƙirga kuɗin takarda tsaf a gaban allo, aka tsayar da shi gaban mai tebur a kasuwa ya daskare, bai iya ko buɗe baki ba. Sayen sabulu a shagon layinku, a shagon layinku za a koye shi.

Yanzu ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, don na san ƙauna ce ta sa. Hannunki ya yi yawa a kansa. Ki dubi danginku da idon gaskiya. Ranar da ba ki, wanda zai ɗauke shi, ko yayarsa ce ko kawunsa, yana da mata ko miji da 'ya'ya da nasa talaucin. Saurayin da ke yin wankansa, ya wanke kayansa, a aike shi ya dawo, gidaje da yawa za su buɗe masa ƙofa, wasu ma har su yi rububinsa. Wanda kuwa sai an kai masa ruwa bayi, wata biyu za a yi a fara tura shi daga wannan gida zuwa wancan, ƙarshenta ya faɗa titi. Kowane aiki ɗaya da kika sakar masa yau, kin sauƙaƙa wa mai riƙonsa na gobe, kin kuma kare shi daga wulaƙanci.

Ki fara da aiki ɗaya tak. A ce wanki. Ke a wurinki wanki abu ɗaya ne, shi a wurinsa abu bakwai ne: ɗebo ruwa, jiƙawa, sa sabulu, cuɗawa, ɗauraya, matsewa, shanya. Kada ki fara masa daga farko, ki fara daga ƙarshe. Ki yi komai yana tsaye yana kallo, in kin matse rigar sai ki miƙa masa ya shanya a igiya. Shi ke nan aikinsa na wannan makon, ko na wannan watan in ta kama. Dalili shi ne, shi ne ya gama aikin, ya ga rigarsa a kan igiya, ya ji an ce madalla. In ya riƙe shanya ba sai an tuna masa ba, ki ja baya taki ɗaya, ya matse ya shanya. Daga nan ɗauraya. Haka za ki yi ta ja da baya har ranar da zai ɗauki bokiti da kansa. Wanda aka fara masa daga ɗebo ruwa, kafin a kai tsakiya ya gaji ya rikice, kullum a kan kasawa yake tashi, har ya tsani aikin.

Taimakon ma hawa-hawa ne. Da fari ki ɗora hannunki a kan nasa ku yi tare. Bayan kwanaki ki koma taɓa masa gwiwar hannu kawai. Sannan nuni da yatsa, sannan kalma ɗaya, sannan shiru. Shirun nan shi ya fi yi wa iyaye mata wuya. Za ki ga ya tsaya yana juya rigar, zuciyarki na cewa karɓi ki yi ki huta. Ki yi istigfari goma a zuci kafin ki sa baki, sau da yawa kafin ki kai na bakwai ya motsa. Magana kuma ta zama gajera, iri ɗaya kullum. In yau kin ce “matse”, gobe kada ki ce “murɗe ruwan”. Rigar da ya wanke ba za ta fita fes ba. Ki bar ta, ya sa abarsa. In kika sake wankewa a gabansa kin gaya masa aikinsa banza ne, kuma zai gane, don irinsu suna karanta fuska fiye da yadda ake zato.

Ba ya bukatar agogo, kiran salla ya ishe shi. Bayan Asuba shara, bayan Azahar wanke kwanonsa, bayan La'asar wanka. In aiki ya manne da kiran salla, ladan ne zai riƙa tuna masa ko ba kya gida. Masallacin kuma shi ne fitarsa ta farko. Ki nemi dattijo ɗaya cikin maƙwabta ya riƙa biyo masa Magariba.

Sai kuɗi. Ki koya masa da kuɗin gaske, kuma da fuskokin da ke jiki, tun da canjin kuɗin da aka yi a ƙarshen 2022 ya sa 200 da 500 da 1,000 kowacce tana yawo da launi biyu. Mai Sardauna 200 ce, mai Azikiwe 500, mai mutum biyu 1,000, mai Awolowo 100. Kada ki wahalar da shi da lissafin canji tukuna. Shago ɗaya, kaya ɗaya, kuɗi daidai. Ki ba shi ledar omon da ya ƙare ko kwalin ashana ya riƙe, in magana ta maƙale sai ya nuna. Kafin ranar ki je ki sami mai shagon ki roƙe shi alfarma: in yaron ya zo ya tambaye shi “mi kaka so?” kamar kowa, ya jira ya amsa, kada ya miƙo kaya don ya riga ya san saƙon. In aka zo kan canji, doka ɗaya ce, tsaya a ba ka, sa a aljihu, kawo wa Inna. Mai shagon kirki rabin malami ne a wannan aiki, kuma akwai su a kowace unguwa.

Hanyar shagon ma haka za ki sakar masa ita. Ku jera tare, sannan ki bar shi gaba kina binsa, sannan ki tsaya a kwana kina hangensa, sannan ki tsaya a ƙofar gida. Tsallaka babban titi ki bar shi sai can gaba, saboda yadda 'yan kabu-kabu da masu Keke Napep ke gudu a garin nan, kuma in lokacin ya yi a wuri ɗaya za a riƙa tsallakawa kullum. A rubuta sunansa da unguwarku da lambar waya biyu a kati, a manne shi da leda, ya zauna a aljihunsa. Ki kuma riƙa tambayarsa kamar wasa, ya sunanka, ina unguwarku, ɗan wane ne kai, har ya zauna masa. Mu da muka san gudu, dole a ƙara da wannan: in ya ga mutane na gudu, gida ɗaya ko masallaci ɗaya zai nufa ya zauna har a zo a same shi.

Tsokanar yara gaskiya ce, amma kulle ba ya maganinta, don yara sun fi tsokanar wanda ba su saba gani ba. Ki sami liman da mai unguwa. A ba shi aiki a masallaci, cika butoci ko shimfiɗa tabarmi. Wanda liman ke kira da sunansa yana sa masa albarka a gaban jama'a, yaran layi suna shakkar jifansa. Ni abin da na fi jin tsoro manya ne. Akwai masu sa irinsu dako su sallame su da ɗan wake, akwai kuma masu ba su ƙunshi su ce kai wa wane, ba su san abin da suka ɗauka ba, kuma a halin da jihar nan ke ciki ƙunshi ɗaya yana iya jefa bawan Allah a hannun hukuma. Ki haddace masa jimla ɗaya: “Sai na tambayi Inna.” Ku riƙa gwadawa a gida, wani ya yi kamar baƙo ya miƙo masa saƙo ko ya ce zo mu je. Ki kuma gaya masa a fili cewa ba wanda ke da ikon taɓa masa al'aura ko ya ce ya tuɓe. Kunya ba ta da wuri a nan, maza ma ana cutar da su.

Tunda yana da ƙarfi, sana'a na nan: kiwon tunkiya ɗaya ko kaji, ɓarar gyaɗa, taya mai injin niƙa, wankin babur. A biya shi a hannunsa, ya jefa a asusu da kansa.

Abu na ƙarshe, kada ki bar maganar riƙonsa sai ranar zaman makoki. Ki tara dangin mahaifinsa da naki tun kina da ƙarfi, a ambaci mutum ɗaya, a kuma faɗi abin da sauran za su riƙa kawowa. Wanda aka ambata ya fara karɓarsa kwana ɗaya ko biyu a wata, ya kuma koya masa wani aikin da kansa, don kada ya zama maganarki kaɗai yake ji. In har yanzu jijjigar na dawo masa, ki kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Gusau, in sun ga da bukata za su tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na Kware da ke jihar Sakkwato. Ke ma ki riƙe maganin hawan jininki da kyau, aikin nan na shekaru ne kuma yana bukatarki.

Tambaya: Malama, matata ce ta makance shekara biyu da suka wuce, likita ya ce hawan jinin ido ne. Shekarunta 42. Na hana ta shiga madafa don tsoron wuta, na kuma cire 'yarmu daga makaranta tana yi mata jagora da girki. Yanzu ba ta son magana, wuni take a ɗaki, wani lokaci na tarar tana kuka. Na yi kuskure ne?
Daga wani magidanci, Ƙauran Namoda.

Amsa: Malam, niyyarka mai kyau ce, amma a mayar da yarinyar nan makaranta ranar Litinin. Gida ɗaya ya yi rashin ido, kada a ƙara masa da rashin ilimi. Kukan matarka kuma ina kyautata zaton na rashin aikin yi ne fiye da na rashin gani. Mace ta yi shekara ashirin da wani abu tana riƙe da gidanta, dare ɗaya aka mayar da ita baƙuwa a ciki. Tuƙin tuwo a hannunta yake, cutar ba ta taɓa hannun ba.

A fara da gyaran gidan. Komai ya sami mazauni, kuma dokar gida ta zama duk wanda ya ɗauki abu ya mayar inda ya ɗauka. Ƙofa ko dai a buɗe ta gaba ɗaya ko a rufe, wadda aka bari rabi ita ke fasa goshi. A rufe rijiya da murfi mai nauyi, a daina barin bokiti da turmi da kujera 'yar tsugunne a tsakar gida. A ɗaura igiya daga ƙofar ɗakinta zuwa bayi, cikin 'yan kwanaki za ta daina bukatarta. Robobin kayan miya a yi musu alama da robar ɗaure kuɗi, gishiri ɗaya, sukari biyu, kanwa uku, sauran hancinta zai gaya mata.

Ta koma madafa ta hanyar aikin da ba wuta: gyaran kayan miya, tsince shinkafa da wankewa, tankaɗe, damun fura. Sannan dafuwar ruwa-ruwa, wani babba na kusa yana kallo bai sa hannu ba. Suya da mai ita ce ta ƙarshe. Murhun ya zama mai zama daram wanda ba ya rawa. In gas ne, a ɗora tukunya tukuna sannan a kunna, a kashe kafin a sauke. Ludayi mai dogon hannu, tsumma mai kauri a wuri ɗaya, kuma kada ta matso wuta da hijabi ko mayafin roba, ta ɗaure ɗankwali ta naɗe hannun riga. Ruwan sanyi da yatsa ake auna cikarsa, na zafi da ƙara da nauyi.

Sanda kuma ba abin kunya ba ce. A samo mata wadda tsawonta ya kai ƙirjinta, ta riƙe ta a gabanta tana kai bakinta dama da hagu daidai faɗin kafaɗunta, yadda sandar za ta riga ƙafa sanin kwata ko dutse. In za ku fita tare, kada ka ja ta ko ka tura ta gaba. Ita za ta kama gwiwar hannunka, kana gabanta da rabin taki, in an zo tudu ko gangare ka ɗan tsaya ka faɗa. Kuɗi kuwa, daga 100 zuwa 1,000 duk girmansu ɗaya, don haka ninki ake bambanta musu: 1,000 a miƙe, 500 ninki ɗaya, 200 ninki biyu. Ƙananan na leda ne, hannu na gane su. In tana da babbar waya, a kunna mata TalkBack mai karanta abin da ke kan fuskar waya, ga kuma saƙon murya na WhatsApp, ta koma gaisawa da 'yan'uwanta ba sai ta nemi mai danna mata ba. Ka tambayi sarkin makafin garinku ya haɗa ta da mace makauniya mai girki da kanta. Abin da za ta koya mata a wuni ɗaya, ni da kai ba za mu iya a wata ba. Ka kuma tuna Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho ne, ya yi ladanci, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha barinsa wakili a Madina in zai fita.

Hawan jinin ido yana bin dangi, kuma ba ya ciwo sai ya yi ɓarna. 'Yan'uwanta na jini su je a auna musu ido, 'ya'yanku ma in sun girma. In akwai sauran gani ko kaɗan, kada ta bar maganin ɗigawa. Masu yawo gari-gari suna cewa za su buɗe ido da allura, kada ka bari su taɓa ta.

Tambaya: Anti Malama, yayata ta kurmance a annobar sanƙarau ta 2017, tana da shekara 16 a lokacin. Tana ɗinki, amma komai sai ni: cirar kuɗi, asibiti, sayen zare. Zan tafi karatu Sakkwato. Ya za mu yi?
Daga wani ɗalibi, Talatar Mafara.

Amsa: Ɗana, Allah Ya ba da sa'ar karatu. Yayarka ta kurmance bayan ta iya magana da karatu, wannan babban jari ne. Ku ci gaba da sa ta magana don kada muryar ta mutu, ku fuskance ta a wuri mai haske in kuna yi mata, ba tare da ihu ba. Kafin ka tafi, ku je duk wuraren nan uku tare, amma ita ce a gaba kai kana baya. Ta riƙe ɗan littafi da biro. A wurin mai POS ta rubuta adadin a takarda, ta duba abin da aka danna kafin ta sa lambar sirri, ta sa da hannunta, ta karɓi rasit. Lambar nan ko kai bai kamata ka ci gaba da riƙe ta ba, ta canza. A asibiti ta miƙa takarda mai cewa ba ta ji, a taɓa ta in layi ya zo kanta, likita kuma ya rubuta mata yadda za ta sha magani. A titi ta riƙa bin gefen da take fuskantar ababen hawa, tunda ba ta jin oda. Ku nemi inda kurame ke taruwa a garinku ta koyi maganar hannu, kai ma da mutanen gida ku koya. Kaɗaici ya fi komai cin kurma a cikin gidansu.

Tambaya: Malama, ni gurgu ne, shan inna ta same ni tun ina yaro, shekaruna 30. Na iya gyaran waya kaɗan-kaɗan, ina son in ƙware in buɗe tebur. Gadon mahaifinmu yana hannun yayana, ya ce ba zan iya riƙo ba, wai in bi wasu zuwa Abuja bara, an fi samu. Ina da hakki ko ba ni da shi?
Daga wani matashi, Tsafe.

Amsa: Kana da shi, ɗana, cikakke. Ƙafa ce ta shanye, kuma ba da ƙafa ake riƙon dukiya ba. Aya ta 5 da ta 6 a Suratun Nisa'i sun yi maganar wanda ba ya iya sarrafa dukiya, da marayu, kuma ko su an ce a jarraba su, in an ga shiriya a miƙa musu abinsu. Kai da ka zauna ka rubuto wannan wasiƙa da tsarin sana'a a ciki, ban ga ta inda hukuncin ya hau kanka ba. Ka fara da dattawan gida da malamin da ya raba gadon, cikin ladabi, don yayanka ne kuma za ku ci gaba da zumunci. In an ƙi, kotun shari'a na nan, kuma ba rashin kunya ba ne mutum ya nemi hakkinsa.

Ta fuskar gwamnati, akwai dokar tarayya ta 2018 da ta haramta nuna wa masu nakasa bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta hana a yi amfani da mai nakasa wajen bara, ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma sa tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna bambanci. A 2020 aka kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa. Dokar ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024, amma ka fi ni sanin matakala nawa ke tare ka har yau a bankuna da ofisoshi. Wannan abin yana ƙona mini rai. Ka san dokar, ka riƙa ambatonta, amma kada ka zauna jiranta.

Ka sami ƙwararren mai gyara ku yi yarjejeniya a gaban shaidu, wata nawa, nawa za ka biya, me za a koya maka. Ka shiga reshen ƙungiyar masu nakasa ta JONAPWD, ta nan ake jin labarin horo da tallafi, ka kuma kai takardar neman jari Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha. In za ka kama wuri, ka duba ƙofa da makewayi kafin ka duba kuɗin haya. Gangaren da keke zai hau ba tare da an tura ka ba, kowane inci ɗaya na tudu yana son inci 12 na tsawo, wato dakali mai inci shida yana son gangare mai ƙafa shida. Magina suna son su taƙaita don tsimin siminti, ka tsaya a kansu.

Tambaya: Malama, amaryar ɗana tana da farfaɗiya. Mutanen gida sun ware mata kwano, sun ce kada ta yi girki. Haka ne?
Daga wata suruka, Gummi.

Amsa: Hajiya, a mayar da kwanon nan cikin 'yan'uwansa yau. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko kwano ko taɓawa, lalurar ƙwaƙwalwa ce, kuma maganin asibiti yana tsayar da ita ga mafi yawan masu shansa kullum ba fashi. Abin tsoro gare ta wuta ne da ruwa. Ta yi girki in akwai babba a kusa, a murhun da aka ɗaga aka kuma kange, kada ta ja ruwa a buɗaɗɗiyar rijiya ko ta je rafi ita kaɗai, kada ta kulle bayi ta ciki. In ta faɗi a janye abin da zai ji mata ciwo, a sa mata abu mai laushi ƙarƙashin kai, a juya ta gefe in jijjigar ta lafa. Ba a danne ta, ba a sa mata cokali a baki, ba a ɗura mata komai. In ta wuce minti biyar ko ta maimaita ba ta farfaɗo ba, a nufi asibiti. Tunda amarya ce, ita da mijin su ga likita tun kafin ciki ya shiga, don akwai magungunan da ake canzawa saboda jariri, kuma kada ta daina sha da kanta.

Mai tambaya daga Bunguɗu kan auren mai jinkirin fahimta, wasiƙarka ta iso, tana son fili nata, za mu ɗauke ta a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.